Gwajin da Aka Toshe wa Baki

Ku kife wayoyinku a kan tebur, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan tafe gare ku, sai dai wannan ba ta dawa ba ce, ba ta zamanin da dabbobi ke magana ba ce. A cikin gida ta faru, a Bowie, nan ƙasar Turawa, unguwar da za ka yini a bakin taga ba ka ga mai tafiya da ƙafa ba sai wanda kare ya fito da shi. Maza biyu ne a cikinta, kowanne da digirinsa, da wata na'ura da ba ta san babba da yaro ba.

Na farkon ɗana ne, ɗan fari. Tun da na haife shi ban taɓa kama sunansa ba, ba kuma yau zan fara ba. Ba ma zama mu yi hira, ba na duban tsakar idonsa. Haka uwata ta yi da nata ɗan farin, haka na tashi na gani. In ina da magana da shi, matarsa nake gaya wa, ita ta kai. Mutane Injiniya suke ce masa, har a masallaci, kuma in wani ya manta ya kira shi ba Injiniyan, sai ya yi kamar iska ce ta wuce. Shi ya kawo ni ƙasar nan bayan rasuwar mahaifinsa, ya ba ni ɗaki a ƙasa kusa da kicin saboda gwiwata ba ta shiri da bene. Ban raina ba. Amma mai son girma ne tun yana cikin gajeren wando. A gidansa ba a sa hannu a abinci kafin ya sa. Ba a zama a kujerarsa ko yana can Sterling wurin aiki. Yaro ya gaishe shi a tsaye, sai ya ce a koma a sake shigowa.

Na biyun mijin jikata ne, 'yar Injiniya. Ni angona nake ce masa, shi ya ce mini amarya, kamar yadda kaka da mijin jika suke wasa. Daga gida ya zo da takardun karatun kwamfuta cike da jaka, a nan aka ce ba a san makarantar ba. Sai ya kama tuƙi, yana ɗaukar fasinja daga filin jirgin Dulles. Ya daɗe a haka, har bayansa ya riƙe, har ya koma tafiya a karkace kamar mai ɗauke da tulu a kafaɗa ɗaya. Bayan aure Injiniya ya yi masa magana a kamfaninsu, aka ɗauke shi. Ranar da ya fara aiki ya zo ya durƙusa har goshinsa ya kusa sumbatar kafet, Injiniya yana sama yana gyaɗa kai. Da ya leƙo kicin ya ce mini shi da sitiyari an rabu, sai dai in zai kai amaryarsa asibiti. Jikata kuwa ciki ya fara turo riga. Ku riƙe wannan, don aikin nan shi ne abin da aka saka a faifai.

Abin da kamfanin ke yi, kamar yadda aka yi ta mini bayani har na gaji da gyaɗa kai, wata na'ura ce a cikin kwamfuta, ba a ganinta ba a taɓa ta, wadda ke harhaɗa manhaja. Masu rubuta manhaja gunduwa-gunduwa suke yi, ita ta tattara ta ɗinke kamar tela. Kafin ta ɗauki kowace gunduwa sai ta karanta sharaɗi: in kaza ne a sa, in ba kaza ba a bari. Wurin da ke karanta sharaɗin nan Injiniya ne ya rubuta shi da hannunsa shekarun baya, kuma da shi yake cika wa baƙi kunne har shayinsu ya huce. Angona kuma gwaji aka ba shi. Ya ɗana wa na'urar tambayar da ya riga ya san amsarta. In ta amsa daidai layi ya fito kore, in ta kauce ya fito ja. Na ce masa, wato ƙato da kai, ana biyanka don ka yini kana tambayar abin da ka sani. Ya yi dariya ya ce iyakarta ke nan.

Wata Asabar bayan azahar ina yanka kuɓewa, sai ga shi da jikata. Injiniya ya tafi taron 'yan garinsu, inda shi ne shugaba, don ba ya shiga ƙungiyar da ba shi ne shugaba ba. Angona ya gaishe ni ba wasa, ba zancen yaushe zan tare. Ya ja kujera ya zauna yana juya makullin mota. Na bar shi ya juya har ya gaji.

"Amarya," ya ce, "a ce an bar miki saƙo. A dafa shinkafa in baƙo ya zo, ko in Juma'a ce kuma akwai nama. Sai ga baƙo ran Talata, firij ba ko ƙashi. Za ki dafa?"

Na ce wace irin tambaya ce wannan, baƙo ya zo ai magana ta ƙare, Juma'a da nama su suka san tsakaninsu. Ba ilminsu na sani ba, ba a dai barin baƙo da yunwa.

Ya ce to haka dokar take a wurin duk masu wannan sana'a. Sharaɗi da sharaɗi ƙananan mahaɗai uku ne ke ƙulla su, kuma akwai girma a tsakaninsu kamar 'yan ɗaki ɗaya. Mai cewa ba haka ba shi ne babba. Mai cewa wannan da wannan duka shi ke bi masa. Mai cewa ko wannan ko wancan shi ne auta. Dole na'ura ta fara sallamar babba ko a ina yake tsaye, sannan ta zo kan na ƙasa. Ya ɗauko kofuna uku ya jera, ya ce wannan baƙo, wannan Juma'a, wannan nama. Ya haɗa Juma'a da nama wuri ɗaya, ya bar baƙo shi kaɗai. Ya ce haka ya kamata. Amma na'urar Baba, don Baba yake ce wa Injiniya, daga hagu take farawa ta bi layi kamar masu biyan kuɗi a kanti, wanda ya riga zuwa shi za a fara sallama. Sai ta ɗaure baƙo da Juma'a, ta koma tana tambayar nama. Ba nama, ba shinkafa. Baƙo ya tashi da yunwarsa.

Na ajiye wuƙa. Mutumin da ke mayar da yaro waje don ya sake gaisuwa, shi ya ƙera abin da bai san wa da ƙane ba. Na so in yi dariya, na ga fuskar angona ba ta dariya ba ce.

Na tambaye shi ya aka yi duk shekarun nan ba wanda ya gani. Ya ce waɗanda suka saba da ita suna kewaye sharaɗinsu da baka biyu, kamar a yi wa shuka shinge, sai ta bi shingen. Kuma ko ba shinge, in ka jera kofunan ta duk hanyar da za su jeru, yawanci amsa ɗaya ake samu, sai a wuri ɗaya ko biyu hanya ke rabuwa. Shi ya bi su duka, ya taka wurin. Ga kuma wani babban kamfani da zai fara aiki da na'urar, su nasu sharuɗɗan ba shinge, sun dogara da cewa ta san girma.

Na ce to ka gaya wa surukin naka mana. Ina faɗa na san ban faɗi komai ba.

A ofishin nan nasu, in gwaji ya fito ja, a wani allo yake fitowa wanda kowa ke gani a kwamfutarsa, da sunan wanda ya rubuta wurin da ya lalace. Manaja ta gani, mai koyon aiki da ta zo jiya ta gani. Wuri ne da ba a san sutura ba. Angona ya ce shi ba zai iya rataye sunan surukinsa a kasuwa ba, mutumin da ya ba shi 'ya ya ba shi aiki. Ba zai kuma iya tsayawa gabansa ya ce Baba ka yi kuskure ba, harshensa ba zai ɗauka ba.

Jikata tana jingine da firij tana cin tuffa. A nan aka haife ta, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take mayarwa. Ta zaro waya ta ce bari ta kira babanta yanzu, magana ce ta minti biyu. Mijin ya miƙe kamar an taka masa wutsiya, ya ce in ta kira to ta kashe shi. Ni ma na ce ta mayar da wayar nan, ina aka taɓa ganin mace ta kai wa ubanta gyaran mijinta. Ta ɗaga kafaɗa ta ce mu dai muna da aiki. Na fahimci wannan ko da Turanci ne.

Sai ya juyo gare ni. Ya ce ni uwa ce, in na faɗa ba raini a ciki. Na dube shi. Yaro ya girma a gida, ya san ɗan fari, amma wahala ta sa ya manta. Na ce ni da Injiniya ba ma haka, sai dai in bi ta inda na saba bi.

Surukata, matar Injiniya, nas ce. Ta dawo daga asibiti ƙafafu a kumbure, ta zauna tana murza su da man zafi, na jera mata kofuna. Baƙo, Juma'a, nama. Ta ce Inna ni yanzu ko sunana aka tambaye ni sai na yi tunani. Na sake jerawa. Ta riƙe. Ta bari sai da Injiniya ya ci tuwonsa bayan magariba, ya sha shayi, ya miƙe ƙafa, sannan ta durƙusa gefen kujerar ta fara. Ina ɗakina, ƙofa a sakaye, carbi a hannu, kunne a falo. Ta faɗa daidai, ba ta rage ba ta ƙara ba. Ya tambaya wa ya kawo maganar ofis cikin tukwane. Ta ce Inna ce ta ce a faɗa.

"Na ji," ya ce. Ya ƙara sautin talabijin.

An ba ni saƙo na kai, an ba ni amsa na mayar. Na gaya wa angona cewa Injiniya ya ce ya ji.

Abin da ya biyo baya sai daga baya na haɗa shi, kamar mai tsintar gero a cikin yashi. Angona ya ce a ransa, to Baba ya sani, zai gyara a ɓoye cikin mutuncinsa, abin da ya rage mini shi ne in rufa masa asiri kafin ya gama. Sai ya shiga ya kashe gwajin nan guda, ya sa masa alamar a tsallake shi. Allo ya zama kore tas. Injiniya kuma ya shiga ofis ran Litinin da fushinsa, ya buɗe allo yana neman jan da aka ce akwai. Bai ga ja ba. Ya ce a ransa, ashe yaron ne ya yi shirme, ya gano da kansa, kunya ta hana shi zuwa ba da haƙuri. Bai buɗe abin da ya rubuta ya duba ba. Me zai duba? Shi ya rubuta.

Ran Lahadi suka haɗu a teburin gidan nan. Na ga abin da idona. Gaisuwa ta yi tsawo, an tambayi gajiya, an tambayi sanyi, an tambayi mutanen gida har da waɗanda suka rasu. Can Injiniya ya gyara murya.

"Ya aikin? Komai kore?"

"Kore, Baba. Alhamdu lillahi."

"Madalla. Yaro dai ya riƙa bin abu a hankali."

Ya ɗauki cinyar kaza daga farantinsa ya sa a na angona. Shi a nufinsa ya yafe. Angona ya karɓa da hannu biyu, shi a nufinsa godiya ake yi masa. Suka ci suna murmushi, kowa yana ganin ya yi wa ɗan'uwansa alheri. Ni ma na ce to an kashe wutar, na ƙara miya. Jikata kaɗai ke dubansu ɗaya bayan ɗaya kamar mai kallon wasan yara.

Aka miƙa wa babban kamfanin na'ura. Su aikinsu tsara wa manyan motocin kaya hanya. Wata safiya direbobi suka buɗe wayoyinsu ba hanya ba adireshi, don na'urar ta karanta sharaɗi ta bi layi, ta bar wata gunduwa a waje. Baƙo ya zo, ba a dafa ba. Motoci suka yi cirko-cirko a garejinsu da kaya a ciki har rana ta take.

Ba a sha wuyar gano wurin ba. Manajar su Injiniya, wata Baturiya mai gajeren gashi da na taɓa gani a bikin jikata tana cin dambu da cokali mai yatsu, ta bi sawu. Ta tarar akwai gwajin da ya kama ɓarnar tun da wuri, ta tarar an toshe masa baki, kuma kwamfuta ba ta san rufin asiri ba, ta rubuta hannun da ya toshe. A wurinsu, wai kuskure ba laifi ba ne, kowa na yi, har taro suke yi su tafa wa wanda ya faɗi nasa. Abin da ba a yafewa shi ne ka ga ja ka ɓoye. Ƙasa ke nan da ake shafa kan wanda ya fasa tulu, a kori wanda ya rufe ruwan da zane.

Aka kira su ɗaki ɗaya. Aka tambayi angona dalili. Surukinsa na zaune a gefensa, me zai ce? Ya dubi tebur ya ce shi ya kashe, ba wanda ya sa shi. Aka juya ga Injiniya aka tambaye shi ko ya san da maganar. Ɗana, wanda na ɗauka wata tara, ya gyara gilashinsa ya ce ba a taɓa kawo masa rahoto ta hanyar ofis ba. Bai yi ƙarya ba. Ta kicin aka kawo. Kafin la'asar an karɓe katin shiga daga wuyan angona, wani mai gadi ya raka shi har mota yana ce masa ya yini lafiya.

Surukata ce ta ba ni labarin, Injiniya ne ya gaya mata da bakinsa, yana ganin ya yi dabara. Da ya sauko ya zauna a kujerarsa, ina kicin na ba shi baya. Tunda ba na magana da shi, sai na yi da tukunya.

"Tukunya," na ce, "ashe akwai saƙon da uwa za ta aika a ce bai iso ba."

Ya ajiye kofin shayin da ke hannunsa. Ya juya ga matarsa.

"Ki gaya wa Inna ofis yana da hanyarsa. Da yaron ya zo ya same ni kamar namiji, da ba a kai nan ba."

"Tukunya, tambayar mini shi, wa ya koya wa yaron cewa ba a zuwa gabansa sai da gwiwa?"

Surukata ta dube ni, ta dube shi, ta dubi tukunyar. Ya tashi ya hau sama, bai sha shayin ba. Iyakar abin da na iya ke nan, kuma ya fi abin da na taɓa gaya masa tun ranar sunansa.

Shi ma angon ban bar shi ba. Da ya zo na ce, na yarda ka yi shiru a gaban surukinka, yaushe na ce ka cusa wa na'ura tsumma a baki? Kana da bakin tsokanar tsohuwa, ba ka da na komawa ka tambaya ko an gyara? Ya ce amarya, da na bar jan nan a allo, da wace fuska zan shigo gidan nan. Na ce da fuskar mai aiki. Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ido ba, ya tambaye ni yaushe likitan gwiwa ya ce in koma, don yanzu yana da lokaci.

To ga inda kowa ya ƙare.

Injiniya ya gyara na'urar a yini guda, ya koya mata wa da ƙane, aka yaba masa saurin hannu. Yanzu shi ake sa wa ya yi wa sababbin ma'aikata lacca a kan muhimmancin gwaji, kuma an ce yana yi da kyau.

Gwajin an cire masa tsumman. Kullum yana gudana, kullum kore, kuma sunan angona na nan a samansa, don ba wanda ya damu ya goge.

Surukata ta ajiye aikin ɗan aike. In na fara cewa ki gaya masa, sai ta miƙo mini waya ta ce Inna ga lambarsa nan, ta koma murza ƙafarta.

Jikata ta haifi namiji. Sun koma unguwar Clinton, gida ƙarami. Ta daina durƙusa wa ubanta, a tsaye take gaishe shi, kuma bai taɓa cewa ta koma ta sake shigowa ba. Ranar suna, angona, bayan duk abin nan, sai ya sa wa yaron sunan Injiniya. Aka yi ta sa masa albarka ana cewa ya san girma. Ga shi yanzu akwai mutum biyu a duniya da ba zan iya kiran sunansu ba.

Angona ya koma Dulles. Ya aika takardu wurare, ko'ina sai a tambaye shi dalilin barin wancan aikin, shi kuma har yau bai samo yadda zai faɗa ba tare da ya ambaci Baba ba. Bayansa ya sake riƙewa, ya sayi wani matashi na musamman yana jingina. Shi yake kai ni asibiti, ya buɗe mini ƙofa ya ce amarya a shiga a hankali. Duk Lahadi yana zuwa cin abinci, ya durƙusa, a sa masa cinyar kaza.

Ni kuma ina nan a ɗakin ƙasa kusa da kicin. In ina son man zafi ko katin waya, sai in jira Injiniya ya zauna a kujerarsa, in gaya wa tukunya. Washegari in tarar da su a bakin ƙofa.